Mu masu fenti, sai an gama ake kiranmu

Sana'ata fenti da rubutun allo. Yawancin allunan shagunan layinmu a nan Garwa, arewacin Kamaru, hannuna ne ko na yarana: na mai aski, na mai gyaran waya, na mai maganin gargajiyar da ya nace sai an zana masa zaki ya danne maciji. Ina rubuta bayan tifa da gefen motocin dakon auduga, wani da Hausa, wani da Fillanci, wani da Faransanci, gwargwadon yaren da mai motar yake roƙon Allah da shi. A duk aikin gyaran gari kuwa, mu ne 'yan auta. Injiniya ya auna, katafila ta rushe, magina su zuba kankare, sai ana gab da zuwan manyan baƙi a turo yaro a kan babur, wai a zo a shafe bango.

Haka aka yi gabanin gasar cin kofin Afirka ta watan Janairun 2022. Filin wasa na Rumde Ajiya, wanda aka gina tun 1978, aka mayar da shi sabo fil, aka gyara tituna, aka kafa fitilu. Ba zan yi butulci ba, ban taɓa ciniki irin na lokacin ba. A nan Najeriya da Masar da Sudan da Gine Bisau suka buga yawancin wasanninsu na rukuni, mutanen Yola da Mubi suka cika garin maƙil, ranar da Iheanacho ya zura wa Masar ƙwallo kuwa ko mai shayi bai rufe da wuri ba. To amma me muka zana? Ƙwallo, kofi, tuta, zaki. In an matsa a sa abin gida, sai a ƙara dorina. Da za a ciccibi bangon a kai shi Bafusam ko Limbe a dasa, babu wanda zai ce ba nasu ba ne. Ga shi ranar Garwa ba ta wasa da fenti. Zafin Maris da Afrilu ya haura 40, ƙurar hunturu ta bi ta kansa, damina ta ƙarasa. Kamar lallen amarya, ba a gama rabon gara ba ya fara koɗewa.

Abin da ya fi damuna ba koɗewar ba ce. Garin nan yana da abin da ya ci ya girma da shi, kuma ko kusa babu shi a jikin bangon.

Kogi ne ya fara ciyar da Garwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi dako a tashar jiragen ruwa yana saurayi, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ba mu labarin bakin kwata ba. Binuwai ba ya ɗaukar manyan jirage sai ya cika, wata biyu zuwa uku na tsakiyar damina. A wannan ɗan tsakanin jirage ke tasowa daga Burutu da Warri, su biyo Kwara zuwa Lokoja, su karyo cikin Binuwai, su wuce Makurdi da Yola, su iso nan da gishiri da siminti da mai da kwanon rufi. Su koma da gyaɗa da auduga, har da audugar kudancin Chadi da ake kawowa a mota a jibge tana jiran ruwa. Ya ce ba dare ba rana ake lodi, don in ruwa ya ja baya jirgi yana maƙale, to an shiga uku. Kuɗin da ɗan dako ya tara a waɗannan watanni da shi yake aure, da shi yake rufin ɗaki. Masu tuwo, masu goro, masu ɗinkin buhu, makaɗan da ke zuga 'yan dako, duk a bakin kwata suke kwana.

Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya toshe hanyar ruwan ta ƙasa. Kafin a farfaɗo, layin dogo ya iso Ngaundare a 1974, kaya suka koma bin jirgin ƙasa da kwalta zuwa Duwala. Madatsar Lagdo da 'yan Sin suka gina aka gama a 1982, ta kawo mana wuta, amma ta canza tafiyar ruwan. Yashi ya samu wurin zama. Yau in ka je, kwale-kwale ne da masu ɗiban yashi da masu wanki, sai tsofaffin sito-sito. Na tambayi ƙaramin yarona na shago, wanda aka haifa ba nisa da wurin, ko ya san me ake yi a can da. Ya ce, "Maigida, ba wurin 'yan kwastan ba ne?"

Bayan kogi sai auduga. Kamfanin Faransawa na CFDT ne ya kafa nomanta na sayarwa a arewacin Kamaru tun farkon shekarun 1950, sannan a 1974 Sodecoton ta gaje shi, kuma hedkwatarta a nan Garwa take. Tana da injinan gurza a nan da Ngong da Gider da Kaele da Marwa da Tuboro da wasu wurare, tana matse angurya ta fitar da man Diamaor da matanmu ke soya ƙosai da shi, tunkuzar ta tafi ga shanu. Masaƙar CICAM kuma, wadda aka kafa a 1965, a Garwa ta riƙa kaɗa zare ta saƙa farin yadi, a kai Duwala a buga masa zane. Atamfar ranar mata ta 8 ga Maris, wadda ko wane magidanci ya san zafinta a aljihu, daga wannan kamfanin ta daɗe tana fitowa. Kawuna ya yi shekaru a ɗakin saƙa na injin. Har yau da ƙarfi yake magana, kuma yana iya gane abin da kake faɗa daga motsin leɓenka, don a cikin ƙarar injuna haka suke hira. Yakan shafa yadi da yatsa biyu ya gaya maka ko zaren ya sha murɗi ko bai sha ba. Ko ƙungiyar ƙwallonmu, Coton Sport, da ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008 ta sha kashi a hannun Al Ahly, ɗiyar auduga ce, sunanta ma ya faɗa.

Kafin injin kuma akwai hannu. Kakata ta wajen uwa da mazari ta tsufa. Ta gurje auduga a kan magurji, ta shiɓe ta da baka, ta yi sutu, ta dangwali alli ta kaɗa, zaren ya tafi wurin masaƙa su yi sawaye. A ƙasashen nan har kuɗi aka yi da ƙyallen saƙi, ana auna shi a sayi kaya. Kakana na wajen uba marini ne, daga ƙasar Kano iyayensa suka zo, kamar yawancin mutanen unguwar Hausare. Karofinsu yana bayan unguwa, da baba da toka da katsi, kusa da shi kuma mabuga, inda ake shimfiɗa riga a kan gungume a yi ta dukanta har ta ɗauki ƙyalli. An cike ramukan tun ina yaro, da shara da ɓaraguzai, aka yi gini a kai.

To, ga abin da ya sa na ɗauko wannan dogon zance. Gyara ya iso layinmu. Garwa tana cikin biranen da aka zuba wa kuɗin yafe bashin Faransa, shirin da ake kira C2D, tare da Bafusam da Bertuwa, kuma bayan wannan an yi wasu ayyukan na tituna da magudanan ruwa daga aljihu daban-daban. Kada wani ya ɗauka ina ƙyashin kwalta. Wanda ya ga ambaliyar 2012, ya ga mata suna tsallaka layi da tabarma a ka, ruwa har ƙugu, ba zai raina kwalbati ba. Titin da aka shimfiɗa mana alheri ne. Sai dai da aka zo faɗaɗa shi, rumfunan bakin hanya ne suka tafi: mai walda, maƙeri guda da ya rage, matan da ke rinin shadda a baho, da wani dattijo mai bugu wanda ya yi zamani da mahaifina. Babu mai takardar fili a cikinsu, saboda haka babu wanda aka yi wa bayani mai tsawo.

Bayan an gama, wasu matasa 'yan wata ƙungiya suka zo shagona. Yaran kirki ne, masu ilimi, sun samo ɗan tallafi don a ƙawata dogon bangon da ya fito fili bayan rusau. Suka ce, "Kawu, so muke a zana al'adunmu." Suka buɗe waya suka nuna mini abin da suka tsara: marini a bakin rami, masaƙi da ƙoshiya a hannu, maƙeri da zuga-zugi, mai bugu ya ɗaga sanda. Zanen ya yi kyau, ba ƙarya. Muna cikin kallo dattijon nan ya biyo, don tun da aka tashe shi yakan zauna a bencina ya sha inuwa. Na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, wannan mai bugun, nawa yake biyan haya?"

Yaran suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Shi da ba ya cin tuwo an ba shi bango kamu goma. Ni da nake ci an ce in matsa."

Na ce, "Baffa, ai don a tuna da ku ne."

Ya ce, "Sai na mutu tukuna."

Matsayina ke nan a wannan magana, kuma dattijon ya riga ni faɗa. In gari yana son ya girmama sana'ar da ta gina shi, to wuri ake ba ta tun ana zana taswirar aiki. Inda za a bar rumfa, inda ruwan rini zai bi, inda mai walda zai ja wuta ba tare da ya saci layi ba. Hoton sana'a a bango bayan an kori mai ita, ni dai ban ga ladansa ba, ko da kuwa ni za a biya in zana.

Wani zai ce mai fenti ya fara shiga hurumin injiniya. To a duba Duwala. Akwai cibiyar masu fasaha da ake kira doual'art, wadda Marilyn Douala Manga Bell da mijinta Didier Schaub suka kafa a 1991. A unguwar Besenge, wata matsattsiyar unguwar talakawa da rafi ya datse, ba da fenti suka fara ba. Zama suka yi da mutanen unguwa aka tambaye su me ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Aka ce ruwan sha da hanyar fita. A 2003 aka gina famfon unguwa haɗe da ɗan kanti, wanda wata mai zanen gine-gine, Danièle Diwouta-Kotto, ta tsara. A 2005 aka yi gadar katako a kan rafin, makarinta na ƙarfe mai launi-launi da siffar mutane riƙe da hannun juna. Wanda ya zana gadar, Alioum Moussa, ɗan Marwa ne, namu na arewa. Ga fasaha, ga amfani, a abu guda, kuma masu tsallakawa kullum sun san da bakinsu aka yi. A shataletalen Deido kuma akwai dogon mutum-mutumin nan na Joseph-Francis Sumégné, mai tsayin mita 12, wanda aka kafa a 1996, an harhaɗa shi da tarkacen ƙarfe da kayan mota. Da farko zaginsa aka yi ta yi, yanzu shi ne alamar birnin.

Garwa ba Duwala ba ce, na sani. Gunki a tsakiyar shataletale ba zai samu karɓuwa a unguwarmu ba, kuma ni kaina ba na zana fuskar mutum a bangon da ke kallon masallaci, ko nawa za a ba ni. Amma wa ya ce fasaha sai da fuska? Muna da dagi da sauran zanen soro. Muna da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zanen hula, da zayyanar allo ta masu sauka, da ƙwaryar da matan Fulani ke ƙonawa da wuƙa mai zafi su fitar da zane wanda ni da burushina ban isa in kwaikwaya ba. A Gawi, kusa da Njamena, matan Kotoko da ke ginin manyan tuluna su ne ke yi wa bangon gidajensu ado da jar ƙasa da fara da baƙa, suna sabuntawa in damina ta wanke. Ba su jira tallafin kowa ba, kuma babu wanda zai ga bangon ya ce na wani gari ne.

Na taɓa zuwa Kaduna ɗaurin aure, aka sauke mu a Kakuri. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. Gine-gine ne maka-maka, ciyawa ta cinye harabar, an kwashe abin da za a iya kwashewa, unguwar da ta rayu da albashin ma'aikata ta yi laushi. A Kano kuma na ga karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 yake. Ramuka da yawa sun bushe, amma waɗanda ake tsoma zane a cikinsu sun hana a cike sauran. Wurin da ake aiki a cikinsa yana da mai tsaronsa. Wanda aka kulle aka ce tarihi ne, ɓarayin ƙarfe da masu neman fili ke gadonsa.

Kada kuma a gina don 'yan yawon buɗe ido. Dukawan Marwa sun ɗanɗana wannan. Cibiyar masu sana'ar hannu da ke gefen babbar kasuwarsu ta daɗe tana cin kasuwar Turawan da ke wucewa zuwa Waza da Rumsiki. Da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a yankin a watan Fabrairun 2013, baƙi suka ɗauke ƙafa. Wanda ke ɗinka wa mutanen gari takalmi da jakar makaranta da kube ya ci gaba da cin abinci, wanda ya dogara da fatar kada ta ado ya ji jiki. Abin da za a yi a Garwa, a yi shi don mutumin Yelwa da Lopere da Fulɓere da zai zo ya kai ɗinki ko ya gyara ƙofar ƙarfe.

Da za a tambaye ni, ba a tambaye ni ba, sito-siton bakin kwata zan fara dubawa. Irin ginin nan mai tsayin rufi da faɗin ciki, wanda aka yi don dilolin auduga, ya dace da masu sana'a fiye da kejin siminti da ake gina mana a sababbin kasuwanni, inda tela ke gasuwa daga hantsi zuwa la'asar. A gyara rufi, a ja ruwa da wuta. Masu walda da maƙera gefe guda saboda ƙara, teloli da masu surfani da dukawa wani gefen. Masu rini a yi musu ramin da ruwan soda da galura zai kwanta kafin ya fita, don gaskiya ne ruwan nan yana cin ƙafar yara kuma bai kamata ya gangara Binuwai haka ba. Maƙwabtan da suka yi ƙorafi da su ba sharri suka yi ba, magudana ce babu. A dasa darbejiya tun ranar farko, ba ranar bikin buɗewa ba. Sannan, abin da ya fi duka, a rubuta a takarda a ofishin magajin gari, da sa hannun jauro, wato mai unguwa, cewa haya ba za ta tashi yadda aka ga dama ba. Mun gani a layinmu: kwalta na sauka, masu gida suka ƙara kuɗin shago, mai gyaran keke ya tashi, mai sayar da waya ya shiga. In ba a ɗaure wannan ba, masu sana'a za su gyara wuri su ƙawata shi, wani ya zo ya ci.

Da matasan nan kuwa ba mu rabu baram-baram ba. Na ce zan karɓi aikin, amma kafin a buɗe gwangwanin fenti su zauna da tsofaffin unguwa su ɗauki muryarsu a waya. Suka yarda, kuma sun fi ni haƙurin sauraro. Kawuna ya yi musu bayanin yadda ake ɗaura zare in ya tsinke injin bai tsaya ba. Wata gwoggo ta rera musu waƙar kaɗi da ko ni ban taɓa ji ba. Baffa mai bugu ya zagaya da su da sandarsa yana nuna inda kowane rami yake. A nan ne wani abu ya fito: wani gida da ɗakinsa ke lotsawa duk damina, mai gidan ya sake daɓe ya gaji har ya fara zargin sammu, ashe a kan ramukan karofi biyu yake zaune. Ɗaya daga cikin yaran, mai karatun gine-gine, ya zaro takarda ya fara zana taswirar ramukan da tsofaffin rijiyoyi da hanyar da ruwa ke bi kafin a yi gidaje. Ya ce irin wannan ce ya kamata ta riga katafila isowa.

Bangon dai mun yi shi, amma ba yadda aka fara tsarawa ba. Babu fuska ko ɗaya. Shuɗi ne mai duhu irin na baba daga ƙasa, da zanen ƙwarya da wasu mata biyu suka fitar mana a takarda aka biya su, da jerin garuruwan da jirgi ke bi daga Burutu zuwa Garwa, da layi ja a daidai inda ruwan 2012 ya tsaya. A ƙarshen bangon aka bar wuri kamu shida, mai walda ya kafa ƙarafa huɗu, aka ɗora kwano. Mai unguwa ya yi magana da mai filin, an yarda Baffa ya ajiye gungumensa a nan, da baki dai, ba a rubuce ba, kuma wannan bai kwantar mini da hankali ba. Ranar Alhamis da safiyar Juma'a ya fi samun aiki, masu shadda na layi.

Yanzu hotuna muke nema. Duk wanda ke da tsohon hoton bakin kwata, ko na ma'aikatan masaƙa, ko katin aikin mahaifinsa, ko da ya ci ruwa, ya kawo shago bayan la'asar. A gabansa za a ɗauka da waya a mayar masa, ba na riƙe hoton kowa ya kwana.